Kai-tsaye Ba Ta Tsayawa a Toranke

Litinin, 6 ga Mayu, 1974. Tashar Fagge, bayan Azahar.

Na tashi daga Ajingi shida saura kwata. Gaya shida da ashirin. Wudil bakwai saura biyar. Na kashe mota a Fagge takwas saura ashirin daidai, ko minti ɗaya ban ƙara ba. Wanda yake shakka ya je ya duba littafin ofis, Malam Hadi manaja ne ya sa hannu da kansa.

Ni ne Maiwada, direban bas ta Kai-tsaye, shekara ɗaya da wata huɗu ina kan wannan layi. Tun da na koyi boko a ajin Yaƙi da Jahilci nake rubuta lokutan tafiyata, don kada wata rana a ɗora mini laifin da ba nawa ba. Yau ma lokutan na zauna in rubuta, ga su nan na rubuta.

Tasha huɗu kamfani ya ba ni: Ajingi, Gaya, Wudil, Kano. Mararrabar Toranke ba ta ciki. Ba ni na tsara ba.

Kofur Kabo, kwandastana, bai ci abinci tare da ni ba. Tsohon soja ne, ya girme ni nesa, kuma kullum kwano ɗaya muke sa hannu. Yau ya ɗauki nasa ya koma gindin darbejiya ya ba ni baya. Ruwansa.

Talata, 7 ga Mayu. Bayan Magariba.

An aiko mai keke daga gidanmu na Toranke. Kubura, matata, ta tafi. Ni ina da mota, da mutum arba'in da biyu da za su Kano gobe.

Laraba, 8 ga Mayu. Ajingi, bayan Magariba.

Kubura ta dawo. Ta ajiye mini tuwo, ta zauna a bakin ƙofa, ban tambaye ta ba ta fara. Ta ce jaririn namiji ne, kuma a can Kano aka binne shi. Ta ce Hure, matar yayana Barau, tana babban asibiti, an yi mata aiki, ƙanwarta ce ke jinya. Wata akori-kura mai ɗauke da itace ce ta kwashe su daga mararraba bayan Azahar ranar Litinin, ba su shiga birni ba sai da rana ta faɗi. Shekara tara suna jiran wannan haihuwa.

Ta ce Inna ta tambaya ko ƙafata ta karye ne da ban zo gaisuwa ba. Na ce ta bar maganar, tuwon ya huce.

Mutanen Toranke ba su san abin da nake ja ba. Suna gani mota ce kawai, tun da ɗansu ne a sitiyari to ta zama ta gida. Kafin Kai-tsaye, wanda zai je Kano sai ya tsaya bakin hanya tun asuba yana jiran akori-kura, ita kuwa kowace tsamiya ta gani sai ta tsaya a ɗora buhu, a sauke akuya, a yi ciniki. Ka tashi da hantsi ka shiga birni La'asar sakaliya, asibiti sun rufe karɓar kati, ofis an tashi. Yanzu layi uku ne: namu, da na Bichi, da na Rano. Duk muna haɗuwa a Fagge kafin takwas, a can kuma ƙananan bas na jira, wannan ta yi Bompai da ma'aikata, wannan ta yi asibiti, wannan ta yi Sabon Gari da 'yan kasuwa. In na makara da minti goma ƙananan sun tashi, mutanena su tsaya a rana. Saurin nan da kowa ke yabo ba inji ne ya kawo shi ba. Rashin tsayawa ne.

Tasha huɗu aka ba ni.

Juma'a, 10 ga Mayu. Ƙarfe uku na rana.

Na yi Juma'a a Fagge. Wani mutumin Toranke mai sai da fata yana sahun gabana. Da aka sallame ya juyo ya gan ni, ya ɗauki takalminsa ya fita ta wata ƙofa. Ban bi shi ba. Ban ci na kowa ba da zan bi mutum ina ba shi haƙuri.

Asabar, 11 ga Mayu. Bayan Azahar.

Bari in rubuta abin da ya faru a watan Maris, tun da kowa ya manta.

Ran nan Yaya Barau ya tare hanya a mararraba yana ɗaga hannu biyu kamar gobara ta tashi. Na taka birki har wata tsohuwa ta buge goshi da kujerar gaba. Ashe kaji huɗu ne a akurki yake so in kai wa surukinsa a Wudil. Na karɓa, don yayana ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Wani a cikin motar ya kai ƙara ofis. Malam Hadi ya ba ni takardar gargaɗi, ya ce ta biyu ita ce ta sallama, ya kuma tuna mini direbobi biyu na layin Rano da aka kora a kan irin wannan. Na je har gida na gaya wa Yaya, a gaban Inna, na ce don Allah kada ya sake tsayar da ni. Dariya ya yi, ya ce Direba ya zama Bature.

Kuma kullum ana ɗaga hannu a wannan mararraba. Kullum. Mai wake, mai kaza, mai zuwa biki, yara ma don wasa. In zan tsaya in tambayi kowane hannu lafiya, gara a mai da ni akori-kura.

Wannan babu wanda ke faɗarsa a Toranke.

Litinin, 13 ga Mayu. Fagge, ƙarfe goma sha ɗaya.

Sun ja gungumen kuka sun gicciye a hanya, daidai mararraba. Samarin Toranke ne wajen goma sha biyar, a tsaye da sanduna, ba su taɓa kowa ba. Yaya ba ya cikinsu, na duba. Sai da fasinjoji suka sauka muka ture shi da hannu. Na shiga Fagge takwas da ashirin. Ƙananan bas sun tafi.

Mutum goma sha ɗaya masu aiki a Bompai suka tarar an rufe ƙofa. Cikinsu har da Bappa, Bafillacen nan na Gafasa wanda shanunsa suka ƙare a farin bara, da kyar ya sami aiki a masaƙa. Kullum da duhun asuba yake taho wa Ajingi a keke, ya jingine shi a bayan masallaci, ya zauna kujerar da ke bayana. Ya dawo tasha a ƙafa ya same ni, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in aka rufe masa ƙofa sau uku, za a ba wani gurbinsa, akwai mutane a layi a bakin masaƙar kowace safiya.

To su Toranke wa suka hukunta yau? Ni ko Bappa?

Talata, 14 ga Mayu. Bayan Azahar.

Gungume biyu. Takwas da rabi. Kofur Kabo ya ture tare da mu, kafaɗarsa a jikin tawa, har yanzu bai yi mini magana ba sai ta aiki.

Alhamis, 16 ga Mayu. Bayan Azahar.

Malam Hadi ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce dagaci ya kira zama ranar Lahadi a Ajingi, da mutanen Toranke da na kamfani. Ya ce manya a hedikwata sun gaji, in aka sake tare hanya za su yanke layin, motar ta riƙa tsayawa a Gaya, Ajingi su koma wa akori-kurarsu.

Sannan ya sassauta murya. Ya ce abin mai sauƙi ne. In aka tambaye ni, in ce gari bai gama wayewa ba, idona na kan hanya, ban ga kowa ba. In na faɗi haka, ƙaddara ce, babu mai laifi, kamfani zai aika da gaisuwa a wuce wurin. Ya ce ni direba ne mai kyau, ba ya son rasa ni.

Na ce to.

Da na fito na sami Kofur yana goge kujeru. Na gaya masa abin da manaja ya ce. Ya ci gaba da gogewa, can ya ce shi ba zai buɗe baki ba sai an tambaye shi, amma in aka tambaye shi, ya riga ya tsufa da ƙarya. Ban da maganar aiki, kalmar farko ke nan da ya yi mini a kwana goma.

Gari bai gama wayewa ba. Wannan gaskiya ne. Shida da 'yan mintoci ne.

Asabar, 18 ga Mayu. Ƙarfe biyu na rana.

Na shiga ƙaramar bas ta asibiti. Na sayi lemo a bakin ƙofa. Na tsaya ina kallon masu shiga har mai gadi ya tambaye ni wa nake nema. Na ce ba kowa. Na dawo tasha, na ba masu wankin mota lemon.

Lahadi, 19 ga Mayu. Ajingi, bayan La'asar.

An yi zaman. Zauren dagaci bai ɗauke mu ba, sai aka shimfiɗa tabarmi a waje. Mutanen Toranke a gefe ɗaya, masu aiki a Kano da 'yan kasuwa a ɗaya gefen, Malam Hadi a kan kujera da takardunsa. Yaya Barau yana gaba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, ya dubi ƙasa.

Malam Hadi ya yi bayani mai tsawo a kan doka da lokaci, kusan irin wanda na rubuta a nan da hannuna. Da na ji shi a bakin wani, sai ya zame mini kamar ana karanta takardar haraji a gidan makoki. Wani dattijon Toranke ya ce su ba su zo jin lissafin minti ba, tambaya ɗaya ce da su. Dagaci ya juyo gare ni.

"Maiwada, ka gan su ko ba ka gan su ba?"

Na riga na shirya amsar tun Alhamis. Na maimaita ta a hanya, na maimaita ta a banɗaki. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ranka ya daɗe, na gan su."

Daga nan ban iya tsayawa ba. Na ce na ga amalanke a bakin hanya da sa a ɗaure, na ga Yaya yana ɗaga hannu biyu. Na ce a raina kaji ne, ko wake. Na ce Kofur ya buga ƙararrawa sau biyu, na ji, na yi kamar ban ji ba. Na ce da na wuce na duba madubi, na ga Yaya yana bin motar da gudu, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba, kuma mutum ba ya yin irin wannan gudu a kan kaji. Na san haka a lokacin. Ina da filin da zan tsaya. Ban tsaya ba.

Malam Hadi yana ta daidaita takardun da ba su karkace ba.

Sai na juya wajensa. Na ce laifina na ɗauka, ba na neman a raba mini shi da kowa. Amma wanda ya zauna a ofis ya ja layi daga Ajingi zuwa Gaya bai bar ko ƙofa ɗaya ba ga mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, ya kuma ce wa direba in ka taka birki ka bar aiki, shi ma ya zo ya zauna a tabarmar nan. Na ce wa mutanen Toranke su kuma su kwashe gungumensu, don ba ni suke tarewa ba, Bappa suke tarewa da irinsa, waɗanda abincin gidansu ke bayan ƙofar masaƙa.

Kowa na ɓata wa rai, ban bar gefe ɗaya ba. Yaya ya tashi ya sa takalmi ya tafi, bai dube ni ba. Aka watse ba a yanke komai ba.

Kofur ya raka ni har ƙofar gida. Ya shigo ya sha ruwa.

Litinin, 20 ga Mayu. Hantsi.

An karɓi makulli. Wani direba daga layin Bichi ya ja motar. Dakatarwa ce, wai har sai an bincika abin da na faɗa a kan kamfani a bainar jama'a. Ba a kan rashin tsayawa ba. A wannan, in ji Malam Hadi, na bi doka.

Laraba, 22 ga Mayu. Bayan Azahar.

Na ji tashin motar da asuba ina kwance. Sabon direban yana saka giya ta biyu da wuri, zai kashe mata kuloci. Ba ruwana.

Ba na nadamar abin da na faɗa ranar Lahadi. In aka sake shimfiɗa tabarma zan sake faɗa.

Asabar, 25 ga Mayu. Bayan Magariba.

Ba a sake sa gungume ba tun ranar zama. Duk da haka an liƙa takarda a tasha: daga Litinin Kai-tsaye za ta riƙa tashi daga Gaya. Sun ce hanyar Ajingi ba ta da tabbas, ga damina ta zo.

Bappa ya zo ɗaukar kekensa ya biyo ta gidana. Daga Gafasa zuwa Gaya kafin shida da ashirin ba zai yiwu a keke ba, balle in ruwa ya sauka. Ya ce zai riƙa kwana a wani shago a Fagge tare da mutum shida, ya zo gida ƙarshen wata. Matarsa da yara huɗu da tsohuwarsa su kaɗai za su yi shuka. Na jira ya ce ni na jawo, bai ce ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya hau kekensa.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 27 ga Mayu. Asuba.

Tasha ba kowa. Masu ƙosai ma ba su fito ba.

Talata, 28 ga Mayu. Bayan La'asar.

An yi ruwan shuka jiya da yamma. Kowa yana gona, ni ina zaure da biro.

Na rubuta takarda zuwa hedikwatar kamfani. Abu uku na nema. A mai da motar Ajingi. A ba mararrabar Toranke minti biyu, ni na san inda za a samo su, a tashar Wudil ake ɓata minti biyar a kan masu sayen kifi. Na uku, a ajiye jan ƙyalle a hannun mai unguwa a kowane ƙauye da ke kan layi, wanda ba a ɗaga shi sai don rai, kuma direban da ya tsaya wa jan ƙyalle kada a ba shi takarda. Ba na cewa ta tsaya wa kowa. In ta tsaya wa kowa ta mutu, na fi kowa sanin haka.

Malamin firamare ya gyara mini ita ya juya da Turanci. Saura hannun jama'a.

Juma'a, 31 ga Mayu. Bayan Magariba.

Ajingi sun dangwala, Gafasa sun dangwala, Kofur ya sa hannu duk da yana cikin aiki. Yau na je Toranke a keke, karo na farko tun abin.

Mai unguwa ya saurare ni har ƙarshe, ya ce maganar tana da kyau, amma ba daga hannuna za su karɓe ta ba. Babu wanda ya dangwala. Na shiga gida. Yaya yana gona, ko kuwa an ce mini yana gona. Inna tana tsinke zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce in ba Hure na je na gani ba, kada in sake kawo mata wata takarda ko wata magana.

Na ce zan je. Ta ce ta ji an ce na iya zuwa bakin ƙofa.

Ban san wanda ya gaya mata ba.

Litinin, 3 ga Yuni. Gaya, bayan Magariba, a gidan wani abokina.

Na tashi da duhu na taka keke zuwa Gaya, na shiga Kai-tsaye a matsayin fasinja. Kofur ya yanka mini tikiti kamar kowa. Ban taɓa zama a baya ba. Daga can ana ganin mutanen bakin hanya sosai, har fuskokinsu, sun fi yadda ake ganinsu daga gaba daɗewa a ido.

Wannan karon na shiga asibitin.

Hure tana gado na ƙarshe wajen taga. Mace ce mai jiki da dariya, ita ce ta laƙaba mini Direba tun ina koyon mota, kullum tana tsokanata wai in ta haihu ni zan kai ta Kano yawon arba'in. Yau da ƙanwarta ba ta nuna mini gadon ba da na wuce ta. Likita ya gaya wa Yaya wata magana a kan gaba. Ƙanwar ta faɗa mini a baranda. Ba zan rubuta ta ba.

Na zauna a ƙasa. Na yi mata sannu, na yi mata gaisuwar rashi. Tana kallon silin ta yi magana a hankali.

"Ina kwance a amalanke na ji ƙarar motarka tun daga nesa. Na ce wa yayanka, ga Direba nan, mun tsira. Na ji ka rage gudu. Sannan na ji ka ƙara."

Wannan ban faɗe shi a gaban dagaci ba. A littafin nan ma ban rubuta ba. Na ɗaga ƙafata daga totur, na kai ta kan birki, sannan na mai da ita. Ita kaɗai ta ji, tana kwance.

Na fara cewa ta yafe mini, ta ɗaga hannu. Ta ce kada in roƙe ta yau, don ba ta son ta yi mini ƙarya, ba ta kuma son ta hana ni. Ta ce in bari sai ta koma gida ta ga ɗakin da ta share wa jaririn.

Can ta tambayi takardar da ta ji ana magana. Na karanta mata. Ta nuna mini gadaje biyu a ɗakin, ta ce waccan 'yar Gaya ce, waccan ta Wudil, duk Kai-tsaye ce ta kawo su da safe, ga 'ya'yansu nan a gefensu suna tsotso. Ta ce ita ba motar take ƙi ba. Ta miƙo babban yatsa. Ƙanwarta ta riƙe mata hannun, ta dangwala a takardar.

Toranke mutum ɗaya ke nan.

Laraba, 5 ga Yuni. Fagge, bayan Azahar.

Malam Hadi ya aiko a kira ni. Ya ce ya yi mini ƙoƙari wajen manya. Ga takarda, in sa hannu cewa ɓacin rai ne ya sa na yi maganar da na yi a zaman dagaci, kuma dokar kamfani ba ta da aibu. In na sa, Litinin in karɓi makulli, a layin Rano.

Ba mugun mutum ba ne. Ya ce in tuna da Kubura da yara. Na tuna da su, tun daga Gaya nake tunawa da su. Na ce masa ni ma ina da takarda, in ya karɓi tawa ya kai sama, sai mu yi maganar tasa. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa. Na ce to tasa ma ta fi ƙarfina.

Zan kai da kaina.

Alhamis, 6 ga Yuni. Bayan La'asar.

Hedikwata, bene na biyu, benci a baranda. Masinja ya ce babban manaja yana taro. Na zauna daga tara har aka tashi. A shagon su Bappa zan kwana, sun matsa mini wuri.

Juma'a, 7 ga Yuni. Bayan Juma'a.

Wai ya tafi Kaduna. Motarsa tana ƙasa a inuwa, na san lambarta. Masinja ya ce in bar takardar a wajensa. Na ce yatsu ɗari da sittin da uku ne a jikinta, ba zan bar su a aljihun kowa ba. Ba ni da mota, ba ni da lokacin da zan kiyaye. Zama kuwa na iya.

Litinin, 10 ga Yuni. Fagge, kafin La'asar.

Na hau benen da ƙarfe tara saura. Akwai mutum a kan bencin, a can ƙarshe, da rigar saƙi da tabon taɓo a ƙafar wando. Yaya Barau ne. Yau za a sallami Hure, ya zo ɗaukarta, ashe ita ce ta gaya masa inda nake zama kwanakin nan.

Na gaishe shi. Ya kau da kai. Na zauna a ɗaya ƙarshen, tsakaninmu wurin mutum uku. Awa biyu muna haka, yana kallon bango ina kallon bango. Bai nemi takardar ba, ban miƙa masa ba.

Wajen sha ɗaya masinja ya fito ya gan ni, ya yi tsaki, ya ce kai ne dai har yau, ai na gaya maka mutum ɗaya ba ya tayar da maigida daga aiki. Kafin in buɗe baki Yaya ya miƙe. Ya fi masinjan tsawo da kai guda.

"Koma ka ce masa mu biyu ne. Ɗaya direban da ya wuce, ɗaya wanda aka wuce."

Masinjan ya dube shi, ya dube ni, ya koma ciki. Ba a yi minti biyar ba aka buɗe ƙofa.

Babban manajan ya karanta takardar a tsaye. Ya yi tambayoyi a kan minti biyun Wudil, na amsa. Ya tambayi Yaya abin da ya faru, Yaya ya faɗa masa cikin magana huɗu ko biyar, bai ƙara gishiri ba, bai kuma rage mini komai ba. Aka buga wa takardar hatimi, aka ce kwamiti zai zauna ranar ashirin ga wata, mu zo. Bai yi alkawarin komai ba. Maganar aikina ko tayar da ita bai yi ba, ni ma ban tayar ba.

A ƙasan bene Yaya ya tsaya yana gyara hula. Bai dube ni ba. Ya ce Hure ba za ta iya hawa matakalar bas ita kaɗai ba, ana bukatar mutum biyu, kuma motar huɗu da rabi take tashi.

Yanzu huɗu saura kwata. Na rufe littafi.